Kai wuta da wayar intanet biron garka: a bi ta ƙarƙashin ƙasa

Tun bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnati ta ƙarfafa noman rani, garake sun yi yawa a ƙasar Nijar. Manoma sun kafa ƙungiyoyi. Kowace ƙungiya tana bukatar ɗaki inda za a ajiye littafin kuɗi, da sikeli, da iri, da takardu. Wannan ɗaki shi ne biro, wato ofis. Sau da yawa ana gina shi a cikin garka ko a bakinta, don ya zama kusa da aiki.

A yau wutar lantarki, wadda ake kira kuran, ta shiga garuruwa da yawa. Akwai wutar NIGELEC, kamfanin da aka kafa a 1968. Akwai kuma wutar rana. A Malbaza an buɗe babbar tashar wutar rana a 2018. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, famfunan ban ruwa da kuran suke aiki. Saboda haka ƙungiyoyi suna son fitila a biro, da fanka, da wurin cajin salula, da kwamfuta mai intanet don sanin farashin albasa da tumatir a kasuwanni.

Amma wuta tana gidan ƙungiya ko magaza, biro kuma yana can cikin garka. Yaya za a kai ta? Hanya mafi kyau ita ce a bizne waya cikin ƙasa. Sai dai abin da aka bizne, ido ba ya ƙara ganinsa. Shi ya sa dole a yi aikin daidai tun ranar farko.

Me ya sa ake bizne waya?

Wasu suna rataya waya a kan itatuwa da sanduna. Wasu ma suna shimfiɗa ta a ƙasa, su ɗan rufe da rairai. Wannan yana da hatsari.

Rana tana cin robar waya. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Roba ta bushe, ta tsage, ƙarfe ya fito fili. Iskar farkon damina tana karya reshe, waya ta faɗo. Raƙumi ko amalanke mai dogon kaya yana iya tsinke ta. Wadda ke kwance a ƙasa kuwa, akuya ta tattaka, ɓera ya ci, hauya ta sare.

Garka wuri ne mai ruwa. Mai ban ruwa ba takalmi a ƙafarsa, hannunsa kuma jiƙe yake. Jiƙaƙƙen jiki yana jan wuta fiye da busasshe. Wutar gida tana da ƙarfin bolt 220. Ta isa ta kashe babban mutum, balle yaro.

Wayar da ke cikin tiyo, a rami mai zurfi, ta tsira daga rana, da iska, da bisashe, da ɓarayi. Tana iya yin shekaru da yawa ba a taɓa ta ba.

Kafin a ɗauki diga

Abu na farko shi ne izini. Layin da ya zo daga fal zuwa kontar, wato ma'aunin wuta, na kamfani ne. Ba a taɓa shi. Wayar biro tana tashi ne daga bayan kontar, a akwatin rabon wuta. Idan garka tana wani fili dabam, ko kuma sai an ƙetare hanyar jama'a ko gonar wani, a fara zuwa wurin NIGELEC, da magajin gari, da mai filin. Jan wuta a ɓoye laifi ne.

Abu na biyu shi ne a samu ƙwararren mai aikin wuta. Ƴan ƙungiya suna iya gina rami, su zuba rairai, su shimfiɗa tiyo, su rufe. Wannan yana rage kuɗi ƙwarai. Amma zaɓen waya da haɗa ta aikin gwani ne.

Abu na uku shi ne zaɓen hanya. A zaga filin tare da mai aikin wuta. Ga abin da za a lura da shi:

1. A bi gefen shinge ko katanga, inda ba a noma.
2. A nisanci manyan itatuwa kamar mangwaro da dogon yaro. Saiwa tana matse tiyo.
3. A kauce wa hanyar ruwa. Ruwan damina yana kwashe ƙasa, ya tone abin da aka bizne.
4. A tambayi tsofaffin ma'aikatan garka inda tiyon ruwa ya bi, don kada diga ta fasa shi.
5. A rage kwana. Kowace kwana tana sa jan waya ya yi wuya.

Bayan haka a kafa turaku, a ja igiya, a auna tsawon da metir. A ƙara metir 3 ko 4 a kowane gefe, don waya za ta hau bango ta shiga akwati. Gara waya ta yi saura da ta gaza.

Lissafin wuta da kaurin waya

Waya kamar tiyon ban ruwa take. Idan tiyo siriri ne kuma dogo, ruwa yana isa ƙarshensa ba ƙarfi. Haka wuta take. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wani kashi na wutar a hanya. Sai fitila ta dushe, fanka ta yi sanyin juyawa, injin firji ya ƙone. Ita kanta wayar tana yin zafi.

Don haka a fara lissafa kayan da za a sa a biro. A jikin kowane abu an rubuta wat ɗinsa. Ga misali:

Ƙwan fitila 4, kowane wat 10: wat 40.
Fanka 1: wat 75.
Kwamfuta da injin buga takarda: wat 300.
Ƙaramin firji: wat 150.
Cajin salula: wat 50.
Jimla: wat 615.

Idan aka raba wat da bolt, ana samun ampar, wato yawan wutar da ke gudu cikin waya. A raba 615 da 220: ampar 3 ke nan, ba kaɗan. Amma ƙungiya tana girma. Baɗi za a sayo wani abu. Saboda haka mai hankali yakan yi lissafi da ampar 10, wato wat 2200.

Kaurin waya yana da lamba: 1,5 da 2,5 da 4 da 6 da 10. Lambar tana nuna faɗin ƙarfen da ke ciki, a milimetir murabba'i. Ga bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya idan ampar 10 ta bi wayar jan ƙarfe mai tsawon metir 50:

Waya mai lamba 1,5: bolt 15.
Waya mai lamba 2,5: bolt 9.
Waya mai lamba 4: wajen bolt 6.
Waya mai lamba 6: wajen bolt 4.

Idan tsawon ya zama metir 100, hasarar ta ninka biyu.

Akwai ƙa'idar aikin wuta ta Faransa mai suna NF C 15-100. Masu aikin wuta da yawa na ƙasashen da ke amfani da faransanci da ita suke aiki. Ta ce kada hasara ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, ko kashi 5 cikin 100 a sauran kaya. Kashi 3 na 220 ya kusa bolt 7. Kashi 5 kuwa bolt 11 ne. Ke nan a metir 50, mai lamba 1,5 ba ta isa ba. Mai lamba 4 ita ce ta dace. A metir 100 sai a nemi mai lamba 10.

Famfon ban ruwa lissafinsa dabam ne. Lokacin da injin yake tashi, yana jan wuta ninki da yawa fiye da lokacin da yake gudu. Idan ana da niyyar sa famfo, a faɗa wa mai aikin wuta tun kafin a sayi waya.

Wace irin waya ake biznewa?

Ba kowace waya ke shiga ƙasa ba. Farar waya mai laushi, irin ta rediyo da fanka, ta cikin ɗaki ce. Idan aka bizne ta, damina ɗaya ko biyu ta ishe ta.

Wayar da ta dace baƙa ce, mai kaurin riga. A jikinta an rubuta U-1000 R2V. A cikinta akwai zare uku, kowane da launinsa. Shuɗi shi ne mai maido da wuta. Kore da rawaya shi ne na ƙasa, mai kare mutum. Na ukun, baƙi ko ruwan ƙasa ko ja, shi ne mai kawo wuta. Wannan waya dole a sa ta cikin tiyo. Akwai wata mai sulken ƙarfe, mai suna U-1000 RVFV. Ita ana iya bizne ta ba tiyo, amma ta fi tsada.

A yi hattara da jabu. A kasuwa akwai wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A kankare bakin zaren da wuƙa. Idan cikinsa fari ne, ba jan ƙarfe ba ne. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, kuma tana saurin karyewa. Araha ba ta ado.

Tiyon wuta ja ne, mai ƙunya-ƙunya a waje, sumul a ciki. Ana kiransa TPC. Akwai mai faɗin milimetir 40, da 50, da 63. Kada waya ta cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin tiyo. Babban tiyo ya fi, don wata rana ana iya zare tsohuwar waya a sa mai kauri ba tare da an sake gina rami ba.

Doka mafi girma ita ce wannan: waya ta zama guda ɗaya tun daga gida har biro. Ba a yin ƙari cikin ƙasa. Ko an naɗe wurin ƙarin da roba, ruwa zai same shi. Tiyo yana kare waya daga diga, da gara, da gafiya, amma laima tana shiga cikinsa ko ta yaya.

Wayar intanet

Idan ƙungiya tana da akwatin intanet a gida, kuma biro yana kusa, wifi yana iya isa. Amma bangon ƙasa mai kauri, da rufin kwano, da itatuwa suna rage masa ƙarfi. Waya ta fi tabbas.

Wayar intanet tana da ƙananan zare 8, an murɗa su biyu-biyu. A jikinta an rubuta Cat 5e ko Cat 6. A nemi irin ta waje, mai baƙar riga mai tauri, kuma ta jan ƙarfe zalla.

Wannan waya tana da iyaka: metir 100. Bayan haka saƙo yana raunana, intanet ta riƙa yankewa. Cikin metir 100 ɗin nan har da gajerun wayoyin da ke cikin ɗaki. Shi ya sa ake so wadda aka bizne kada ta wuce metir 90.

Wayar intanet ba ta shiga tiyo ɗaya da wayar wuta. Dalili biyu ne. Na farko, wutar da ke gudu tana dama saƙon da ke bin ƙananan zaren. Na biyu, idan rigar wayar wuta ta tsage, bolt 220 zai bi ta intanet, ya ƙone kwamfuta, ya kama mai aiki da ita. Saboda haka kowace da tiyonta. Tiyon intanet da tarho kore ne. Rami ɗaya ya isa, amma a bar santimetir 20 tsakanin tiyo biyun.

Sai maganar tsawa. Wayar ƙarfe da ta haɗa gini biyu tana iya ɗauko ƙarfin tsawa, ko da aradu ba ta faɗa a kanta ba. Idan hadari ya taso, a zare wayar daga kwamfuta da akwatin intanet. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai tare ƙarfin tsawa, ana sa ta a kowane gefe.

Idan nisa ya wuce metir 100, akwai wayar gilas. Irinta ce aka bizne a bakin manyan hanyoyin ƙasa don kai intanet birane. Haske ne ke bin cikinta, ba wuta ba. Tsawa ba ta bin ta, kuma tana tafiyar kilometir da yawa. Ana sayen ta da kawunanta a haɗe. Tana bukatar ƙaramin akwati a kowane gefe, mai juya haske ya zama saƙo. Ba a lanƙwasa ta da ƙarfi, don gilas ne. Ba a kuma leƙa bakinta da ido, don hasken yana ɓata ido ko da ba a ganinsa.

Ginar rami

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, kafin a fara noman rani. Ƙasa ba ta bushe ƙarau ba, ruwan sama ya ɗauke, mutane kuma sun samu sarari. Aikin gayya ne. Kayan aiki su ne diga, da felu, da baro, da igiya, da metir.

Ƙa'ida ta ce a bar aƙalla santimetir 50 tsakanin bayan tiyo da doron ƙasa. Inda mota ko amalanke ke bi, santimetir 85. A lura: ana auna wannan daga saman tiyo, ba daga gindin rami ba. A ƙarƙashin tiyo akwai rairai santimetir 10, tiyon kuma yana da nasa kauri. Don haka:

A gefen shinge, a gina santimetir 70.
A ƙarƙashin hanya, a gina metir 1.
Inda ake noma ko dashen itace, a bi zurfin hanya.
Faɗin rami mai tiyo biyu: santimetir 40.

Kada a auna da kamu ko da ɗani, don hannuwa ba ɗaya ba ne. A yanke sanda biyu, ɗaya mai santimetir 70, ɗaya mai metir 1. Shugaban aiki ya riƙa bi yana gwadawa. Da rana ta take, masu gina sukan gaji, rami ya riƙa yin sama-sama. Wurin da ya fi rashin zurfi, nan ne hauya za ta samu waya.

A zuba ƙasar da aka fitar a gefe ɗaya, nesa da baki kaɗan, don kada ta koma. A tsince duwatsu, da ƙarafa, da fasassun kwalabe daga gindin rami. Idan rami ya kwana a buɗe, a kewaye shi da ƙaya saboda yara da bisashe.

Idan aka ci karo da tiyon ruwa, a ƙetare shi kai tsaye, a bar santimetir 20 tsakani.

Shimfiɗawa da rufewa

Ga yadda aikin yake bi da bi:

1. A zuba rairai mai laushi, santimetir 10, a gindin rami.
2. A shimfiɗa jan tiyo a gefe ɗaya, kore a ɗaya gefen. A kwana, a lanƙwasa su a hankali, kamar bakan gizo, ba kamar gwiwar hannu ba.
3. A ja waya. Cikin sabon tiyo akwai siririn zare na ja. A ɗaura waya a jikinsa. Mutum ɗaya yana turawa, ɗaya yana ja a hankali. Ba a fizga. A haɗa da wata igiyar roba, a bar ta ciki saboda gaba.
4. Mai aikin wuta ya gwada wayoyin biyu da na'urarsa. A yi wannan kafin a rufe. Gyara a buɗaɗɗen rami ya fi sauƙi.
5. A rufe tiyo da rairai, santimetir 10.
6. A zuba ƙasa mai kyau, santimetir 10, a tattaka.
7. A shimfiɗa ragar gargaɗi tun daga farko har ƙarshe.
8. A cika rami kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa.

Ragar gargaɗi raga ce ta roba, mai launi. Tana zama santimetir 20 a bisa tiyo. Aikinta shi ne ta yi wa mai gina magana kafin digarsa ta kai ga waya. Kowane launi da ma'anarsa. Ja: wuta. Kore: tarho da intanet. Shuɗi: ruwan sha. Rawaya: gas. Ya kamata kowane manomi ya san waɗannan launuka. Wanda ya ga jar raga a rami, ya ajiye diga nan take. A ƙarƙashin hanya, yana da kyau a ƙara jera bulo na siminti a bisa rairai.

Inda tiyo ya fito daga ƙasa ya hau bango, a kare shi da tiyon ƙarfe ko siminti. A toshe bakinsa don kada ɓera, da gara, da ruwa su shiga.

Rairai nawa ake bukata? Rami mai tsawon metir 50, faɗi santimetir 40, kaurin rairai duka santimetir 25, yana cin metir kib 5. Metir kib ɗaya lita 1000 ne, wato tano 5 masu lita 200. Ke nan tano 25. A tanade shi tun kafin ranar gayya.

Haɗa wuta: aikin gwani

A nan ƴan ƙungiya su tsaya, mai aikin wuta ya karɓa. Amma ya kamata su san abin da za su tambaye shi. Abu uku ne.

Na farko, disjonkter. Shi ne makunnin da ke yanke wuta da kansa idan kaya sun yi wa waya yawa. Ana sa shi a gida, inda waya ta tashi. Ƙarfinsa yana bin kaurin waya. Mai lamba 2,5 ba a sa mata wanda ya wuce ampar 20. Mai lamba 4, ampar 25. Mai lamba 6, ampar 32. Idan disjonkter ya fi ƙarfin waya, waya ce za ta ƙone kafin ya yanke.

Na biyu, mai ceton rai. Masu aikin wuta suna kiransa diferansiyel. A jikinsa an rubuta 30 mA, wato miliampar 30. Miliampar kashi ɗaya ne cikin 1000 na ampar. Disjonkter na ampar 20 waya yake karewa. Wutar da ke tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko rabin ampar ɗaya ba, don haka shi ba ya jin ta. Diferansiyel kuwa yana gwada wutar da ta tafi da wadda ta dawo. Idan wata ta zurare ta jikin mutum ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya yanke kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Yana da ɗan maɓalli na gwaji. A danna shi sau ɗaya a wata. Idan wuta ba ta ɗauke ba, ya lalace, a canza shi.

Na uku, sandar ƙasa. Sandar ƙarfe ce mai tsawon wajen metir 2. Ana kafa ta cikin ƙasa, a haɗa ta da zaren nan kore da rawaya. Idan wuta ta zurare a jikin firji ko kwamfuta, ta nan za ta bi ta shige ƙasa. Busasshen rairai ba ya karɓar wuta da kyau. A kafa sandar inda ke da laima, kuma mai aiki ya auna ta da na'ura.

A cikin biro a sa ƙaramin akwatin rabo, mai makunnin da ke kashe wutar ɗakin duka. A ɗaga shi sama, inda ruwa da yara ba su kai ba.

A rubuta, a ajiye

Bayan damina biyu, ciyawa ta rufe wurin. Bayan shekara biyar, shugabannin ƙungiya sun canza. Wa zai tuna inda waya ta bi?

A nan ne karatu yake da rana. Sakataren ƙungiya ya zana taswirar garka a littafi. Ya nuna gida, da biro, da rijiya, da shinge. Ya ja layin waya da jan alƙalami. Ya rubuta nisanta daga abin da ba ya gusawa, misali: metir 2 daga kusurwar katanga. Ya rubuta zurfin rami, da lambar waya, da ranar aiki. Kafin a rufe rami, a ɗauki hotonsa da salula. A manna kwafi ɗaya na taswirar a bangon biro.

A fili kuma a kafa turakun siminti masu jan fenti, a kowace kwana da kowane metir 10. Ƙungiya ta yi doka: ba mai gina rijiya, ko ramin taki, ko ya dasa itace kusa da turakun sai ya duba taswira.

Idan wuta ta kama mutum

Kada a taɓa shi da hannu, don wutar za ta kama mai taimako. A ruga a kashe disjonkter. Idan yana nesa, a tsaya a busasshen wuri, a ture wayar da busasshen icce. A kai mutumin gidan likita ko da ya ce ya ji sauƙi, don wuta tana taɓa zuciya. Idan diga ta sari waya, a kashe wuta, a kira mai aiki. Ba a naɗe wurin da leda a mayar da ƙasa.

Idan garka ta yi nisa

Wani lokaci rami ba shi ne mafita ba. Idan biro ya kai metir 300 ko 400, kuɗin waya mai kauri, da tiyo, da rairai yana da yawa. Ƙungiya ta gwada shi da kuɗin allon wutar rana da batir a kan rufin biro. Ga fitila, da fanka, da caji, da kwamfuta, wannan yakan wadatar. Intanet kuma ana iya samun ta da ƙaramin akwati mai katin salula, idan rezo yana kamawa a wurin. A yi lissafin hanyoyin biyu a allo, gaban kowa, sannan a yanke shawara.

Idan kuwa an zaɓi rami, a tuna: zurfi ya cika, waya guda ba ƙari, tiyo biyu dabam-dabam, jar raga a bisa, diferansiyel a akwati, taswira a littafi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiyar yaƙi da jahilci

1. Me ya sa wuta ta fi hatsari a garka fiye da cikin ɗaki?
2. Me jar raga take nufi? Kore fa?
3. Daga magaza zuwa biro metir 64 ne. Idan an ƙara metir 4 a kowane gefe, waya metir nawa za a saya?
4. Mutum ɗaya yana gina metir 4 a wuni. Mutum nawa za su gama metir 64 a kwana 2?
5. Kowa ya zana taswirar garkar garinsu, ya nuna hanyar da ta fi dacewa waya ta bi.